Shuɗi da Rawaya

…a'a, ba idona ba ne. Ba yunwa ba ce kuma. Bari in sake. In janye gilashin — shuɗi. In ɗora — fari. In janye — shuɗi. In ɗora… Allahu Akbar! Fari ne, Baba. Wallahi fari ne tas, ga shi kwance a kan takardar da na shimfiɗa, har zanen tafin hannuna nake gani a cikinshi. Sau nawa ke nan? Tara? Goma? Ke Rahinatu, ya isa haka, batir ne fa, ƙarewa yake. To sau ɗaya, na ƙarshe. In ɗora…

Wayyo daɗi! Ni kaɗai a ɗakin gwaje-gwajen makaranta ran Asabar da hantsi, uwar 'ya'ya uku, malamar kimiyya guda, ina tsalle a kan siminti kamar wadda aka ba kujerar Makka. Da maigadi zai leƙo ta taga da ya ce Malama ta taɓu. To ya ce mana! Yau wa bai taɓu ba a garin nan? Tun daga bakin get nake jiyo rediyonshi, badujala ake ta bugawa, soja za su miƙa, farar hula za su karɓa, bayan shekara goma sha biyar. Abbas, maigidana, tun bayan asuba ya zura babbar riga ya bi sauran ma'aikata filin rantsuwa. Ya ce in shirya mu tafi, na ce mashi ni tawa rantsuwar tana cikin tanderu.

Kwana biyu cur ba a ɗauke wuta ba. Kwana biyu! Ko don baƙin da suka cika gari ne, ko mantawa aka yi da mu, oho, Allah dai ya saka masu da alheri. Awa shida kawai nake roƙo tun bara, awa shida a jere tanderun nan ya tsaya a kan zafinshi, amma ina — ya kai awa huɗu, ɗif. Ya kai uku da rabi, ɗif. In buɗe in tarar da garin da na haɗa bai nuna ba, in zauna in yi kukana, in share fuska in sake awo. Haɗi goma sha uku suka tafi, wasu laifin wuta, wasu laifina. Wanga shi ne na goma sha huɗu. Jiya ya ƙonu, ya kwana yana hucewa, ɗazu na niƙa shi na shafa a gilashi.

Kwali. Ina kwalin? Kwalin sabulun nan da na zo da shi… ga shi ƙarƙashin tebur. Auduga a ƙasa. Batir. Waya biyu. Ɗan ƙwan fitilar — a hankali, a hankali, shi kaɗai ya rage. Uku ƙawata ta aiko mani daga Indiya cikin ambulan, biyu na ƙone da hannuna saboda rawar jiki. Gilashin kuma ba zai shiga kwali ba, a hankici zan naɗe shi in riƙe… to da wane hannu za ki yi tuƙi? Jaka. Aljihun ciki. Yauwa. Ki kashe tanderu. Kin kashe? Tun jiya yake a kashe, sakarya.

Ka ce in kawo ka gani da idonka. To ga ni nan zuwa, Baba.

Kwana uku da saukata, ka tuna? Shekara biyu ke nan. Muna tsakar gida bayan la'asar, kana kan buzu, Yaya Shehu na gyara maka gemu, ƙanwarka Gwaggo Delu na tsince shinkafa, ni kuwa baki ya ƙi rufuwa. Shekara huɗu a ƙasar mutane, na dawo da takardar dakta, so nake ubana ya san mi na karanto. Na ce ai kai marini ne, launi yarenka ne, ta nan zan shigo maka. Na ce Baba, an gano wata sabuwar fitila, ba zare a cikinta, ba ta zafi, shuɗi ake haɗawa da rawaya sai a samu farin haske. Ka miƙe, ka yago ƙyallen farin alawayyo, ka tsoma a ruwan rawayar da Gwaggo ta jiƙa na maganin shawara, ka matse, ka tsoma a 'yar tukunyar baban rini da kake ajiyewa bayan ɗaki, ka ɗaga iska ta buge shi… muna kallo ya juye kore shar. Ka shimfiɗa mani shi a kan gwiwa yana ɗiga a atamfata.

"Uwata, shekara arba'in da bakwai hannuna na cikin baba. Ban taɓa cewa an ce a kan launi ba. Ki kawo in gani da idona."

Uwata. Sunan mahaifiyarka aka sa mani, ba ka taɓa kama shi ba ko kana cikin faɗa. Yaya Shehu ya yi dariya har ya ƙware. Gwaggo ta ce ashe an tura ɗiya Indiya ne ta mance abin da ɗan goye ya sani a marna. Ni ma na yi dariya, mi zan yi? Sai da na shiga mota na kifa kai a sitiyari. Na ji haushinka ranar, Baba, gaskiya zan faɗa. Na ji haushi ƙwarai.

Tashi mana, mota 'yar albarka… ba yau ba, don Allah ba yau ba. Yauwa, ta kama. Kwalin a kujerar gefe. In sa mashi bel? In sa. Maigadi na ɗago rediyo sama yana washe baki, wai an fara, an fara. Allah ya sa alheri, Malam, buɗe mani get kawai.

Bari in shirya maganar tun yanzu, kada in je gabanka harshe ya sarƙe kamar wancan karon. Ka ga wanga ɗan ƙwan, Baba — dayod ake ce mashi, bai kai ƙwayar wake ba — shuɗin haske kawai ya iya. Iyakarshi ke nan. Wanga garin kuma da na shafa a gilashi, fosfo sunanshi, rawaya ne, ga shi kana gani. To in shuɗin ya bugi garin, sai garin ya haɗiye wani sashe ya maido shi rawaya. Sauran shuɗin da bai haɗiye ba ya ratsa ya wuce abinshi. Su biyun su iso ido tare, ido ya ce fari. Shi ke nan fa! Rini ɗebewa yake daga haske, kowane tsomi da abin da yake kwashewa, shi ya sa in aka yi ta tsoma zane ƙarshenshi baƙi. Haske kuwa ƙaruwa yake a kan haske. Ka ji? Ba ƙaryata ka nake ba. A cikin karofi kai ke da gaskiya, ko gobe aka tsoma kore za a gani. Ni ba a karofi nake magana ba… a'a, wanga ya yi kama da rashin kunya. In ce, ni tawa tukunyar daban ce. Haka ya fi.

Kuma garin shi kaɗai ba ya komi, wannan zai yi maka daɗi. Itiriyam da alminiyam, in aka ƙona su su biyu, fari ne, bebe, ka haska shi har gobe ba zai tanka ba. Sai an barbaɗa mashi siriyam. Kaɗan fa — biyu cikin ɗari. Ka rage, hasken ya yi sanyi. Ka ƙara don zari, ya dushe. Na gwada, a haɗi na shida na zuba takwas, na ce bari in yi mashi gwaninta, ya fito kamar an yi mashi rasuwa. Irin awon tokarka ne a karofi, ba ka taɓa bari wani ya zuba maka ba. Ƙasa mai wuyar samu ake kiran su, siriyam da itiriyam ɗin. Ranar da na faɗa wa Gwaggo haka ta ce in farar ƙasa nake nema ga ta nan jibge a kasuwa, mi ya kai ni ƙetare teku? Ta ga garin a jakata ta ce kurkum ne, saura kaɗan ya shiga miya.

Kai! Hanya ta toshe. Ina za su haka? Babura, tutoci, samari a kan rufin bas suna ihu, wani ya shafa fenti har kunne. Ku matsa mana, bayin Allah, ku naku ya riga ya tabbata, ni nawa na cikin kwali. Sojan da ke bakin mahaɗar nan yau har murmushi yake, ashe yana da haƙora. Ba za ta ɓulle ba. In juya, in zaga ta Ƙofar Sauri. Rami! Wayyo gilashina… in taɓa jaka… lafiya lau, yana nan ɗaya.

Ina ƙarama ɗauka nake sunanka aka sa wa ruwan. Ruwan baba — ruwan Baba. Har dambe na yi da wata a makarantar allo da ta ce ba na ubana ba ne shi kaɗai. A aike ni kai maka fura marna, in tsaya daga bakin katanga tunda ba wurin mata ba ne, warin nan ya daki hancina, in ƙi tafiya. Kana tsugune bakin rami, hannu shuɗi har gwiwar hannu, farcen da ko ran Sallah ba ya fita. Ka ɗanɗana ruwan da harshe ka tofar, ka ce a ƙara mashi kwana. Ka ciro zane daga ciki, ba shuɗi yake fitowa ba, wani tsanwa-tsanwa ne, sai ka girgiza shi sama ya riƙa juyewa a gaban idona. Na ce Baba mi ke canza shi? Ka ce iska ce. Shekara goma sha biyar bayan nan malami ya cika allo da lissafi a jami'a, ƙarshen lissafin — iska ce. Na yi dariya ni kaɗai a aji har aka juyo ana kallona.

Ita ce kuma ta so kashe ni a nan. Iska. Siriyam ba ya son ta in ya yi zafi, lalacewa yake, haɗi na tara ya fito da wani launi kamar ƙasar bango. A can Indiya muna da bututun da ke kore ta, a nan fa? Wa zan roƙa? Gawayi. Gawayin girki! Na sa ɗan kaskon cikin babban kasko, na cika tsakaninsu da gawayi, na rufe, gawayin ya cinye iskar kafin ta kai ga garin. Yuriyar da ake kunna haɗin da ita kuwa takin zamani ne, na wanke na tace sau uku. Da farfesana na can zai ga ɗakin gwajina da ya dafe kai. Kai kuwa dariya za ka yi ka ce ashe duk ɗaya ne da marna, toka da gawayi da jira.

Marnar da babu ita yanzu. An cike ramukan, an yi shaguna a kai, kullum na wuce sai na kau da kai. Amma idon nan naka bai yi ritaya ba. Ka hango rawani daga tsallaken titi ka ce tsomi tara ne, a tambaya a tarar tara ne. Wani alhaji ya taɓa kawo maka zannuwan da aka rina da garin kanti, ya ce ka dai ce wa mai saye baba ne, bakinka kawai yake so. Muna jin ku daga soro. Ka ce mashi abin da idonka ya gani shi bakinka zai faɗa, in bai yi mashi ba ga ƙofa. Ya fita yana huci, kai ka dawo ka ci tuwonka. Shi ya sa, Baba. Ko duk farfesoshin duniya sun sa mani hannu, in kai ba ka ce fari ba…

Sati bakwai rabona da gidan. Na sani. Kar ka ce komi, na sani. Sau biyu Yaya Shehu na zuwa GRA ba ya iske ni, ya bar wa Abbas saƙo wai in leƙo gida. Na ce in Allah ya so Juma'a. Juma'a ta zo haɗi na goma sha ɗaya na kan wuta. Wata Juma'ar ta zo ina gadin tanderu. Gaskiyar ita ce na gaji da shigowa hannu biyu. Kullum na durƙusa gaishe ka sai ka ce, to Uwata, ina farin namu, ko yana hanya? Wasa kake, na san wasa kake, amma yana shiga. Na rantse wa kaina ba zan sake taka soron nan ba sai da shi.

Ai da sauran lokaci. Na lissafa. A watan Fabrairu likitan ido ya kira mu gefe ni da Yaya, ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiya ce ke mutuwa a hankali. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama na tsukewa daga gefe-gefe, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Wata shida, watakila shekara, Allah ne masani. Maris, Afrilu, Mayu — uku kawai aka ci. Ko a lissafi mafi muni da saura uku. Kuma zuwana na ƙarshe ba kai ne ka jawo bakin gyalena dab da idon dama ka ce wanga shuɗin kanti ne, wanki biyu zai zuba ba? Ya kuwa zuba. Ranar ce ma ka ce mulkin farar hula ba alheri ba ne ga marini, kowa zai bar hularshi fara, wa zai kawo rini? Gwaggo har da hawaye don dariya. Lafiyarka lau ranar. Lafiyarka lau.

Bula! Innalillahi, bula! Mi ya sa ban tuna da ita ba tun shekara biyu? Farar rigarka in ta fara komawa rawaya-rawaya, mi Gwaggo ke yi? Ba ɗan ƙullin bula take jefawa a ruwan ɗauraya ba? Shuɗi a kan rawaya, riga ta fito fara fat, kai da kanka kake cewa a ƙara mata kaɗan. To? To, Baba? A gidanka ake yi duk sati! Ba daidai-da-daidai ba ne da na fitila, na sani, amma zai kama ka. Zan so in ga fuskarka. Sai na bari ka gama gani tukuna, sannan in ce, af, Baba, ashe ma bula… Ke Rahinatu, uba ne fa. To a hankali zan faɗa. Amma sai na faɗa.

Kuma ka san mi wanga ke nufi? Wata rana — ba yau ba, ba baɗi ba — wanga ɗan abin zai shiga kowane lungu. Batir biyu, haske har kwana da kwanaki, ba kananzir, ba hayaƙi, ba gilas ɗin da za a goge. Mai shayi, mai tsire, ɗalibi, ungozoma. Na faɗa a ɗakin malamai aka yi mani kallon tausayi. Su yi ta yi. Ni dai yau mutum ɗaya nake nema.

Ƙofar Durbi. Alhamdulillahi. Lungunmu shiru, kowa na gindin rediyo. In aje motar jikin masallaci. Kwali a hannun dama, jaka a kafaɗa, kada ki yi tuntuɓe a dokin ƙofa, kin san halinshi… Salamu alaikum!

Gwaggo ce a bakin murhu. Ta miƙe da sauri haka? Ina kwana, ina gajiya, ya zafi, ya yara, ya Abbas, lafiya lau, lafiya lau, duk lafiya — bakina ke amsawa, ƙafafuna sun riga sun yi gaba. Ta kama mani wuyan hannu, hannunta da sanyin ruwa, wai in tsaya in ji, ɗiyar nan, in zo ɗaki tukuna. Faɗan sati bakwai ne, na san shi, na ci, zan sha shi anjima har da ƙari. Na ce Gwaggo don Allah anjima, abin hannuna ba ya jira. Ta waiga wurin Yaya Shehu, yana tsaye ƙofar ɗakinka da buta. Mi suke kallon juna? Yaya, ina kwana. Matsa mani.

Ga ka nan. Kana kan gado, farar riga, rediyo a cinya, mai rantsuwa na ta jero alkawari. Ka rame kaɗan. In durƙusa, in aje kwalin a hankali. Ka ce tun daga bakin masallaci ka ji kukan motar, mutanen GRA yau an tuna da talakawa. Ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Yau atamfata ta tsira, ko tanka ta ba ka yi ba, rediyo ya ɗauke maka hankali. Kuma ba ka ce ina farin namu ba. To ni zan ce.

"Baba, na kawo."

"Mi kika kawo?"

"Farin."

Hannunka na bin jikin rediyon, ya sami makunnin, ƙit. Ka aje shi gefe. Ka gyara zama, ka gyara hula, kamar za a shigo da baƙo. Ka ce to bismillah. Yaya, rataya tabarma a tagar nan, duhu nake so. Yaya! Tabarma mana, mi kake jira? Dubi yadda yake tafiya kamar an zare mashi laka. Ya rataya. Duhu. Yauwa.

Daki-daki za mu bi, ba zan bar maka ƙofar musu ba. Da fari shuɗin shi kaɗai, ka gan shi, ka faɗa da bakinka cewa shuɗi ne. Sannan a ɗaga tabarma in nuna maka garin a hasken rana, ka faɗa da bakinka cewa rawaya ne. Sannan a sake rufewa, in ɗora. Gilashi — fito daga jaka, zauna a hannun hagu cikin hankicinka, lokacinka bai yi ba. Batir. Baƙar waya a gindi. Jar waya… Kada ki juya su, kin ƙone biyu. Ja a sama. Danna da yatsa.

Ya kama! Shuɗi, ga shi nan, ya zubo a bango, a gemunka, farar rigarka ta koma kamar an ciro ta daga karofi iska ta buge ta. Kai, ko a ɗakin gwaji bai yi kyau haka ba.

"Baba, ka duba…"

Wane launi ne wanga — haka zan ƙarasa, numfashi kawai na tsaya ja. Ka sunkuyo. Ka ɗago gira. Ka daɗe. Kana gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da kake yi in zane ya karɓi rini yadda kake so.

"Fari ne," ka ce. "Fari tas, Uwata. Ke ke da gaskiya."

Ya faɗa! Gwaggo kin ji? Yaya ka ji? Ya faɗa da bakin—

Tsaya.

Gilashin. Gilashin yana hannuna na hagu. Cikin hankici. Ban kwance ba ma. Ban ɗora ba, Baba, ban ɗora komi ba, ɗakin nan shuɗi ne, gemunka shuɗi ne… ina kake kallo? Fitilar tana nan ƙasa gaban gwiwata. Fuskarka wurin bakina take, sama da kafaɗata kaɗan, inda murya ta fito.

Yaya. Yaya Shehu, ɗago ka dube ni. Ya ƙi. Ƙasa yake kallo. Gwaggo na bakin ƙofa ta cusa bakin mayafi a baki. In tsaya in ji… abin da take so in ji ke nan. Tun yaushe? Wace Juma'ar? Ta haɗi na goma sha ɗaya? Ta goma sha biyu? Wata shida likita ya ce, na lissafa, wallahi na lissafa, Maris, Afrilu… sau biyu Yaya ya zo, sau biyu, ki leƙo gida, kai ne ka hana su faɗa mani? Kai ne. Kada a tada mata hankali, tana aiki. Ina jin muryarka kamar a gabana ka faɗa.

Kai da ka kori alhaji guda daga soro a kan launin zane. Shekara arba'in da bakwai. Yau ka gyara hula ka yi mani ƙarya, Baba, kuma murmushi kake, kana jira in yi murna. Allah ya yi maki albarka, kake cewa, Allah ya sa duniya ta amfana. Amin ake cewa. Ki ce amin, Rahinatu.

In ɗora? Sakan ɗaya ne, in kwance hankici in ɗora, ɗakin ya yi fari tas, Yaya ya gani, Gwaggo ta gani, maganarka ta zama gaskiya ko da a makare… ko in faɗa maka? In ce mi? In ce na kama ka? Hannunka na tahowa, yana neman kaina a iska, ya wuce ta gefen kunnena, in matsa in sa kan a ƙarƙashinshi. Tafin da ɗumi. Na gaji, Baba. Yatsana na kan wayar har ya fara ciwo, in na ɗaga ɗakin zai yi duhu, kuma ba za ka sani ba.